Gada a Kan Kwanar Tebaram

Ban taɓa ganin jirgin ƙasa na gaske ba sa'ad da na zauna zaɓar masa gada. A danginmu duka na ƙasar Adar, daga Takanamat har Tawa, mutum ɗaya ne ya taɓa shigarsa: kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan kafin ya dawo ya buɗe shagon kayan babur a Tawa. A gidansa na sauka da na zo karatun lise, wato babbar sakandare, kuma a ƙarƙashin gadonsa na tarar da kwalin.

Jirgin wasa ne, amma ba irin na roba da yara ke ja da zare ba. Kawu ya samo shi cikin tsofaffin kayan Turai da ake kasawa a bakin titi a can. Akwai guntayen dogo da ake harhaɗawa su zama zobe mai ɗan tsawo, akwai akwatin wuta da ake jonawa a bango, akwai gajerun taragu na kaya da wani dogon tarago kore na fasinja. Sai kan jirgin: baƙi, na ƙarfe, bai kai tsawon tafin hannuna ba, amma da nauyi kamar kwaɗon ƙofa. Tunda kawu ya kawo shi bai taɓa motsi ba. Kyankyasai sun yi gida a kwalin, sun bar ƙwai da kashi a kowace kusurwa, har cikin kujerun fasinja.

Ni ba na iya magana cikin mutane, amma in aka bar ni da abu mai ƙananan kusoshi sai in wuni ban ɗaga kai ba. Na roƙi matar kawu man keken ɗinkinta, na samo tsohon buroshin haƙori, na kwance kan jirgin a kan farar takarda ina jera kowace kusa inda ba za ta ɓace ba. A cikinsa akwai ɗan inji kamar ƙwallon dabino, naɗe da jar waya siririya kamar gashi. Na wanke, na goge, na mayar. Ranar da na jona wutar ya yi ɗan gurnani, ya girgiza, ya ja taragunsa ya tafi. Babu irinsa a Tawa. Na tabbata, domin na bi masu gyaran rediyo da masu gyaran salula da shi a aljihu, kowa ya juya shi ya ce bai taɓa ganin injin ba, in ya mutu ya mutu ke nan.

Kawu ya dawo daga shago ya tarar da shi yana zagaya tabarma.

"Kai! Ashe wanga abu shina da rai?" Ya durƙusa har hularsa ta faɗi. Ya daɗe yana binsa da ido, sannan ya ce, "Ɗana, ba a barin jirgi bisa tabarma. Ka yi mishi ƙasa. Ka yi mishi Adar. Tunda ba a kawo muna shi ba, mu kai shi Tebaram da kanmu."

Ya ba ni tsohon ƙyauren katako, aka ɗora shi a kan ganguna a zaure, inda yake zaman fada da abokansa suna shan shayi bayan la'asar. Niyyata in yi tuddai da jiƙaƙƙiyar takarda da sitaci. Kawu ya ce takarda abincin gara ce, ƙasar Adar da laka ake yin ta. Na yi da laka, ta bushe, ta tsage ko'ina. Sai ya ce in yi yadda maginan rumbu ke yi a ƙauyenmu: a kwaɓa lakar da kashin jaki, a rufe, a bar ta ta ruɓa.

Na yi, don ba ni da bakin ƙi. Ranar da na buɗe bokitin sai da na fita waje na yi ta tofar da yawu. Abin ya yi kore-kore, yana tasowa da kumfa, kuma da hannu ake aikinsa. Warin ya shiga ƙarƙashin farcena ya zauna. A aji nakan ɓoye hannuwana ƙarƙashin tebur, da dare in ci tuwo da cokali ana yi mini dariya. Ƙudajen unguwa duka suka dawo zauren. Gaskiya dai lakar ba ta sake tsagewa ba. Na fitar da tudu mai shimfiɗaɗɗen kai irin namu, na watsa masa jar tsakuwa, na kafa ƙayoyi a madadin itatuwa. Amma duk sa'ad da na sunkuya in gyara wani abu, hancina na tuna mini da abin da aka yi ƙasar da shi.

Matsalar ta fito ne daga siffar ƙyauren. Dogon yana da miƙaƙƙun ɓangarori biyu da kwana biyu. Miƙaƙƙen gaba kawu ya ce nan ne tashar Tawa, don baƙi su gan ta da sun shigo. Na baya tudu ya cinye shi. Kuma kawu ya rantse dole a yi ƙorama, wai Adar da babu ƙorama ba Adar ba ce. Wurin da ya rage mata shi ne ƙarshen ƙyauren, daidai inda dogon yake lanƙwasa, inda muka sa wa suna kwanar Tebaram. Ke nan gada za ta zauna a kan kwana.

Na fara da kallo. Na ɗaura guntayen fensir a kusurwoyin dogon taragon nan kore da kuma tsakiyarsa, na shimfiɗa takarda a ƙarƙashin kwanar, na tura shi a hankali. Zanen da ya fita ya nuna mini abin da ido ba ya kamawa in jirgin na gudu. Tarago ba ya lanƙwasa. In ya shiga kwana, kansa da gindinsa sukan leƙa waje, cikinsa kuma ya yanke ta ciki. Duk abin da ya tsaya kusa da dogo, ta hagu ko ta dama, sai ya goge shi.

Daga nan na koma ɗakin karatu na makaranta, inda akwai wasu tsofaffin littattafan aikin hanya da Faransanci waɗanda ba mai taɓawa, na kuma duba hotuna a salular wani ɗan ajinmu. Abu na biyu da na gane shi ne gada ma ba ta son lanƙwasa. Ƙarafan da ke ɗaukar nauyi miƙaƙƙu ne. In ka sa doguwar gada guda a ƙarƙashin dogo mai kwana, dogon zai shiga ta gefe ɗaya, ya kumbura zuwa ɗaya gefen a tsakiya, ya fita ta inda ya shiga. Sai dai gadar ta yi faɗi kamar faranti. Masu aikin sukan yi gajeru-gajeru ne, kowace a ɗan karkace daga ta bayanta, a kan ƙafafu da yawa, kuma ba abin da ke tasowa sama da dogon.

Irin wannan na yi. Na yanka katakon akwatin tumatir sirara, na goge su da takardar yashi, na manna ƙafafun a jikin ƙyauren kansa, na shafa musu ruwan toka don su yi kalar siminti. Ba ta da ado, amma jirgin yana hawa ya sauka ba ka jin komai sai ɗan canjin sauti. Ƙoramar kuwa na zuba mata farin yashi na bar ta a bushe, yadda muke ganinta mafi yawan shekara.

Da yamma fada ta cika. Cikin abokan kawu akwai wani direba, taubashinsa, wanda ya tsufa a kan hanyar Tawa zuwa Takanamat da Tebaram da wata tsohuwar motar haya ta ƙauyuka. Su biyun ba sa gaisawa sai da zagi. Ya shigo da tsire a takarda, ya ajiye takardar a kan tashar Tawa, ya ɗauki kan jirgin da yatsun da ke ɗigar mai da yaji, ya kai shi kusa da idonsa, ya hura masa iska da bakin da ke cike da nama. Na ga ɗan guntun albasa ya manne a jikin tayar. Na jira ya ajiye, na ɗauke na goge da gefen rigata.

"Ina gadar?" in ji kawu.

Na nuna.

"Wagga? Wagga gadon kaji ce. Ɗana, ka taɓa ganin gada? Wadda munka bi a jirgin Abijan, ƙarhe ne sama, ƙarhe ne ƙasa, hagu da dama, kana ciki kamar tsuntsu cikin keji. In jirgi ya shiga sai ka ji duniya na amsawa. Ita ce gada."

"Kawu," na ce, "mai keji ba ta zama a kwana. Taragon zai bugi ƙarfen."

"Mi ya ce?" in ji direba.

"Wai tarago za ya bugi ƙarhe."

"A'a, bar wannan," direba ya ce, ya sunkuya yana ƙirga ƙafafun gadata da tsinken tsire, yana dangwala wa kowace mai. "Dubi nan, bawana. Ƙahwahu kamar shanshani. Yaro, ka taɓa tsayawa bakin ƙorama ran da ta kawo? Ba ruwa kaɗai take kawowa ba. Itace take kawowa da saiwarshi, da dannin garka, da mushen jaki. Duk su taru su toshe tsakanin ƙahwahun nan, ruwa ya rasa hanya, ya ɗauke maka gadar ya kai ta gonar wani."

Sauran suka ce wallahi haka ne. Kowa ya kawo labarin gadar da ya gani ruwa ya ci. Kuma ba ƙarya suke yi ba. Ni ma ɗan Takanamat ne, na taɓa kwana a bakin ƙorama ina jiran ruwa ya janye. Abin da na kasa fahimtar da su shi ne wannan ƙoramar faɗinta bai wuce tafin hannu ba, a cikin zaure take, ƙarƙashin rufin kwano.

"Ai ba ruwa a cikinta," na ce.

Aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi.

"Ba ruwa! Haka injiniyoyi ke cewa kullum. Da rani suke zuwa su auna."

"Ni in don ni ne," direba ya ci gaba, "ba gada ba ma. A zuba radiye." Yana nufin shimfiɗar simintin nan da ake yi a gindin ƙorama, mota ta gangara ta bi ta kai, in ruwa ya zo ya wuce ta sama.

"Jirgi ba ya gangara cikin rami kamar tsohuwar akwalarka," in ji kawu. "Kai da ba ka taɓa wuce Konni ba, kana yi muna maganar jirgi."

"Akwalar tawa ta kai uwarka asibiti."

"Ta kai ta, mu munka turo ta dawowa."

Haka suka yi ta yi har aka kira magariba. A tsakanin zagin nan aka yanke hukunci, ba wanda ya sake dubana. Gada mai keji, don ita kawu ya gani da idonsa. Ba ƙafa ko ɗaya a tsakiya, don kada ta tare mushen jaki. Kawu ya sa babban yatsa ya ɓalle tawa daga jikin ƙyauren, ƙafa bayan ƙafa, ya miƙo mini guntayen ya ce in ba matarsa ta hura wuta.

Wani mai walda da ke kusa da shagon kawu ya yi sabuwar. Ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa masa ya yi, kuma da ido aka gwada masa tsawon. Ya yi ta da ƙarfen da ake tagogi da shi. Ta zo da nauyin da ya fi na jirgin da taragunsa gaba ɗaya, duk mahaɗa da ƙullutun walda kamar kaska a kunnen kare, an shafe ta da jan fenti mai danƙo wanda bai gama bushewa ba. Kawu ya riƙe ta sama yana juyawa kamar an haifa masa ɗa.

Ni aka bar wa ɗora ta. Da na sa dogon a kanta, wuta ta ɗauke, don ƙarfen ya haɗa layukan biyu. Na yanko robar tayar babur na shimfiɗa a tsakani. Da na turo taragon kore, ya shiga, ya kai tsakiya, ya cije. Na nuna wa kawu. Ya karɓi filaya ya buɗe ƙarafan kejin ta ƙarfi, wannan ya karkata nan, wancan ya karkata can, har gadar ta koma kamar haƙoran tsohon raƙumi. Taragon ya wuce, amma da ƙara, ƙiiii, kuma kowane zagaye sai ya bar ɗan koren fentinsa a jikin jan ƙarfen. A tsakiyar gadar dogon na waje ya leƙo har bakin ƙarfe, rabin katakonsa a iska. Duk nauyin nan kuma a kan gaɓa biyu na laka da kashin jaki yake zaune.

"Ka ji ko?" in ji kawu da ya ji ƙarar. "Haka take yi. Haka ta gaske take yi."

Tun daga ranar na rage wa jirgin gudu. In zai shiga kwanar nakan sa hannu a gefen waje, a buɗe, ko da zai faɗo.

Wata Juma'a direba ya zo da baƙi, wasu dattawa ƴan Tebaram da suka kawo dabbobi kasuwa, ya ce musu su zo su ga jirgin da zai je garinsu. Zauren ya cika da manyan riguna da warin zufa da na turare, ga na ƙasar Adar da zafin rana ya tayar. Wani dattijo ya tsaya daidai kan tudun yana tauna goro, ina ganin jajayen ɗigo suna sauka a kan tsakuwata. Wani ya ajiye kofin shayinsa a kan dogo, na ɗauke, ya mayar. Na jona wuta. Jirgin ya tashi daga Tawa, ya zaga bayan tudu, ya shiga keji da ƙararsa, ya fito. Dattawan suka yi salati. Aka ce a sake. Aka sake.

"To," in ji direba, "wannan rani ne. Kowa na wucewa da rani. Ni ina son in ga damina."

Ban gane nufinsa ba sai da na ga ya miƙa hannu bayan ƙofa. A nan ake ajiye bokitin da ake ɗauraye kofunan shayi da hannuwa bayan an ci abinci. Ruwan ya yi kwanaki, ya yi kauri, ganyen shayi da ƙwayoyin shinkafa da maiƙo suna yawo a kai.

"Baba, don Allah," na ce. "Akwai wuta a jikin dogon. Injin ba ya son ruwa."

"Ba bisa jirgin zan zuba ba, malam injiniya. Cikin ƙorama. Ba aikinta ke nan ba?"

Na dubi kawu. Shi kaɗai zai iya hanawa. Amma taubashinsa ne ya ƙalubalance shi a gaban baƙi, kuma gadarsa ce ake magana.

"Zuba," ya ce. "Zuba duka. Gadar Abijan ce, ba radiyenka ba."

Na kai hannu zan tsayar da jirgin, kawu ya riƙe mini wuyan hannu, ba da ƙarfi ba, yana murmushi. "Bar shi ya tahi. Jirgi ba ya jiran ruwa."

Direba ya tuntsura bokitin daga saman tudu. Ruwan ya gangaro ta cikin ƙoramar, ya kwashe farin yashina a tashi ɗaya, ya zama ruwan kasa. Busasshiyar lakar ta sha, ta yi baƙi, warin da ya kwanta tun makonni ya tashi gaba ɗaya kamar an buɗe masai. Wani ya jefa tsinken tsire a ciki ya ce ga itace, wani ya jefa ɓawon goro ya ce ga mushen jaki. Suna ta ihu kamar yara. Ni gaɓar waje nake kallo. Na ga gindinta ya fara narkewa, wani ɓangare ya zame, ƙarshen gadar ya ɗan sunkuya.

Daidai lokacin jirgin ya fito daga bayan tudu. Ya sa kai cikin kejin, gadar ta karkata waje, inda dama nauyin kwana ke tura shi. Ya bar dogon, ya bi ta tsakanin ƙarafan da kawu ya buɗe da filaya, ya faɗa da ka cikin taɓon. Taragon kore ya cije a keji, gindinsa a sama. Na fizge hannuna na cire wayar daga bango.

Sai zauren ya fashe.

"Wallahi haka take yi! Haka ta yi wa motar gero bara waccan!"

"Dubi yadda ya kwanta! Kamar ka gani da ido!"

Dattijon nan mai goro yana dariya har hawaye, yana dafa kafaɗar kawu. Direba ya ce ga shi nan, ya faɗa, radiye. Kawu ya ce ƙarya ne, gadar ba ta karye ba, ko'ina nata lafiya, ƙasa ce ta ci amana. Fuskarsa na ƙyalli. Tunda na zo gidan ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Na san abin da ya kamata. In an ciro shi yanzu, a kwance shi, a wanke da man fetur kaɗan, a shanya a inuwa, wataƙila ya tashi. Na sa hannu.

"A'a, a'a! Kada ka taɓa!" in ji kawu. "Liman bai gani ba. Mutanen shago ba su gani ba."

"Kawu, ruwa na shiga injin. In ya kwana zai yi tsatsa."

"Ƙarhe ne, ɗana. Shekara nawa ya yi ƙarƙashin gado bai mutu ba? Bar shi nan yadda Allah ya kada shi."

Da baƙi suka watse na sake roƙonsa. Na ce in ciro shi in gyara, gobe in mayar da shi daidai yadda yake, ba mai ganewa. Ya ce za a gane, taɓon da ya kama shi ba zai zauna daidai ba. Ya kulle zauren ya sa makullin a aljihu, abin da bai taɓa yi ba. Na je wurin matarsa, ta ce, "Ɗan nan, ni da za a fitar mini da wannan ƙazantar daga gida gaba ɗaya da na yi sadaka. Amma ka san kawunka."

Mutane suka yi ta zuwa. Waɗanda ba su taɓa leƙowa ba sa'ad da jirgin ke tafiya lafiya, yanzu har da ƴan kabu-kabu suna ajiye babur a ƙofa su shigo. Kawu na tsaye da sanda yana nuna inda ruwa ya fito da inda gaɓa ta zame. Da taɓon ya fara bushewa, sai ya sa a yayyafa masa ruwa don ya yi kama da sabo. Ƙudaje suka yi baƙi a kan kan jirgin. Wata safiya na ga ƙananan tsutsotsi farare suna motsi a gefen tayoyinsa, inda shinkafar ta taru. Na daina cin abinci a gidan, sai in sayi burodi a hanyar makaranta.

Sai da masu kallo suka ƙare, warin kuma ya kai har ɗakin matar kawu ta yi rantsuwa, sannan ya ce in ɗauka in gyara. Na ɓanɓaro shi da cokali. Na kai bayan gida na shimfiɗa takarda, na ɗaure hancina da ƙyalle. Kusoshin sun ci, sai da na jiƙa su da mai kafin su juya. A ciki laka ta cika ko'ina, da ɗan zaren ciyawar da ta bi ta cikin jaki ta fito. Jar wayar nan ta koma kore, na taɓa ta da bakin allura ta rabu biyu. Ƙarfen tsakiyar injin ya manne da gidansa, ya zama abu ɗaya. Na wanke duk da haka, na shanya, na mayar da komai wurinsa, na ɗora shi a kan guntun dogo na jona wuta. Ko gurnani bai yi ba.

Na kai wa kawu a shago, na ajiye a kan teburinsa tsakanin kwalayen buji, wato fulogin babur. Na ce ya mutu.

Ya ɗauka ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya murza tayoyin da yatsa. Tayoyin na juyawa, tunda tsatsa ta cinye haƙoran da ke haɗa su da injin.

"Ai ga shi yana tahiya," ya ce. "Ka ɗaura mishi zare a hanci, ka ja shi daga bayan tudu, ba mai gani. Ka sake kwaɓa laka ka gyara gaɓar nan. Ran Juma'a akwai mutanen Takanamat da ke zuwa, sun ji labari, suna son a zuba ruwan a gabansu."

Na ce ina da jarrabawa. Ya ce to, shi zai kwaɓa da kansa, ya san inda jakai ke kwana.